Zaɓen sigar mai sauƙi ga sabon shiga: tambayoyi da amsoshi daga Maradi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga bakin mutanen da aka kawo wa tsarabar sigar, ko suka gan shi a kantin filin jirgi suka saya, suka dawo gida Maradi ba su san ta inda ake kama shi ba. Da manya ake magana, waɗanda suka cika shekara 18. Wanda bai taɓa kai taba bakinsa ba, ina roƙonsa ya tsaya a kan tambaya ta biyu da ta uku kafin ya wuce gaba.

Mene ne bambancin sigar da sigarin da muke saye wurin mai tebur?

Sigari yankakkiyar taba ce da aka naɗe cikin takarda. Tabar da ke cikin kara ɗaya ba ta wuce giram 1 ba, minti biyar ya ƙare. Sigar kuwa ganye ne tun daga ciki har waje, babu takarda babu auduga. Kashi uku gare shi: ganyen ciki, wanda shi ne mafi yawa, ganyen ɗauri da ke riƙe na cikin, sai riga, wato lafiyayyen ganye guda da ake naɗawa a waje, wanda ido ke gani. Ganyen sai an shanya shi a inuwa na makonni, a tara shi tsibi-tsibi ya ɗau zafi da kansa ya nuna, sannan a ajiye shi watanni ko shekaru kafin a naɗa. Babban kara yana ɗauke da taba giram 5 zuwa 20.

Bambancin da ya fi shafar sabon shiga shi ne ba a zuƙar hayaƙin sigar zuwa ƙirji. A baki ake riƙe shi, a hura waje. Hayaƙin yana da sinadari irin na kanwa, shi ya sa nikotin ke ratsa fatar baki ya shiga jini ba sai ya kai huhu ba. Dalilin da ya sa tsofaffinmu ke haɗa taba gari da kanwa kafin su sa a baki ke nan.

In an ce sigar mai sauƙi ne, ana nufin ba ya cutarwa?

A'a, kuma ba na so kowa ya tafi da wannan zato. Sauƙin da ake faɗa na ɗanɗano ne da yadda yake kama jiki lokacin sha. Kwalta da gubar da ke cikin hayaƙin suna nan daram. Babban kara ɗaya zai iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda, nikotin ɗinsa kuma yakan kai miligiram 100 zuwa 200, alhali na karan sigari kusan 10 ne. Leɓe, harshe, dasashi da maƙogwaro su ne ke jiƙa da hayaƙin, kuma an tabbatar sigar na jawo sankara a waɗannan wurare, ga ciwon zuciya, ga zubewar haƙora. Iyalin da ke zaune kusa da kai su ma suna shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara.

Wanda ba ya shan taba, kada tsaraba ta sa ya fara. Wanda ya sha wuya ya bar sigari, kada ya ce bari ya ɗan taɓa sigar, don ƙirjinsa ya saba, zai zuƙa bai sani ba, kuma ta nan mutane da yawa ke komawa gidan jiya. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma, mai ciwon sukari da mace mai ciki, babu wani sigar mai sauƙi a wurinsu. Sauran amsoshin na wanda ya riga ya yanke shawara ne, don kada ya haɗa wa kansa wahala biyu, ta taba da ta rashin sani.

Me addini da doka suka ce?

Malamai sun daɗe suna magana a kan taba. Akwai masu cewa makaruhi ce, malaman wannan zamani da yawa kuma sun tafi a kan haramci saboda cutarwa da ɓarnar dukiya. Kauri ko tsadar kara ba sa canza hukunci, kuma shan sa da rana yana karya azumi. Wannan magana ce ta kai da malaminka. Abin da zan ƙara kawai, warin sigar ya fi na sigari naci a riga da gemu, to a ji tausayin na kusa a sahu.

A ɓangaren doka, Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, sannan ta kafa dokarta mai lamba 2006-12 a watan Mayun 2006. Dokar ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da motocin haya, ta hana talla, ta hana sayar wa yara. Sigar yana cikin wannan duka.

To me ke sa wani ya yi ƙarfi, wani ya yi sauƙi?

Mafi yawan ƙarfin daga ganyen ciki yake, kuma ya danganta da inda ganyen ya fito a jikin shuka. Duk wanda ya taɓa shiga gonar taba a fadamar Gulbi ya san ganyen sama ya fi kauri da danƙo a hannu. Shi ya fi shan rana, shi ya fi daɗewa a jikin shuka, a nan nikotin ke taruwa. Masu sana'ar suna ce masa ligero. Na tsakiya shi ne seco, mai ba da ƙamshi. Na ƙasa volado, ba shi da wani ƙarfi amma shi ke sa wuta ta ci daidai. Mai haɗa sigar yana auna ukun nan ne. In ya yawaita seco da volado ya rage ligero, an samu mai sauƙi. Saboda haka in ka ga an rubuta Ligero ko Double Ligero a jikin akwati, ba naka ba ne tukuna. Irin da aka shuka, ƙasar da aka noma shi, da yawan shekarun da ganyen ya yi a ajiye, duk suna da nasu rabon. Tsohon ganye ya fi laushi a maƙogwaro.

Abu uku ne sabon shiga ke cakuɗawa: ƙarfi, wato yadda nikotin ke kama kai da ciki, nauyin hayaƙi a baki, da ɗanɗano. Ba tare suke tafiya ba. Kamar shayin fada ne: kofin farko zai hana ka barci ko da an cika masa sukari, na uku kuma ga ƙamshin na'ana'a amma ba ya kama jiki. Abin da kake nema a farko shi ne mai ɗanɗano wanda ƙarfinsa kaɗan ne.

Gaskiya ne mai farar riga shi ne mai sauƙi, baƙi kuma mai ƙarfi?

Rabin gaskiya ce. Rigar da aka fi sani a jikin masu sauƙi ita ce Connecticut, mai launin ruwan zuma. Asalinta wata jiha ce a Amurka inda tun wajen 1900 ake noman taba ƙarƙashin rumfar yadi don rana kada ta kaurara ganyen. Yanzu ana noma irin sosai a Ekwado, inda gajimare ke yin aikin rumfar. Masu kamfani sun saba sa wannan riga a kan ciki marar ƙarfi, shi ya sa launin ya zama alama. Amma ganye guda ne kawai, kuma akwai masu farar riga da aka cika wa ligero.

Baƙar riga, wadda ake rubuta wa Maduro, ganye ne da aka bari ya daɗe yana nuna da zafi. Wannan yana kawo duhu da ɗan zaƙi, ba lalle ƙarfi ba. Macanudo Maduro, misali, baƙi ne amma mai sauƙi. Akwai kuma rigar Kamaru, da ake nomawa a gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya, mai ɗan yaji-yaji da zaƙi. Ita ce a jikin Arturo Fuente Hemingway. Abu ɗaya da mazaunin Maradi zai riƙe: rigar Connecticut da ta Kamaru sirara ne ƙwarai, su ne na farkon tsagewa in hunturu ya buga (duba amsar ajiya a ƙasa).

Na wace ƙasa ya fi dacewa da farawa?

A al'adance na Jamhuriyar Dominikan, daga kwarin Cibao da masana'antun birnin Santiago, sun fi laushi. Na Nikaragwa, musamman na yankin Estelí, sun fi yaji da ƙarfi. Na Honduras suna tsakiya zuwa sama. Na Kuba kuwa akwai kowane iri. Wannan jagora ce kawai, don La Flor Dominicana Double Ligero ɗan Dominikan ne kuma yana cikin masu kayar da mutum.

Ka ba mu sunaye, wanne zan ce a sayo mini?

Cikin waɗanda ba na Kuba ba: Macanudo Café shi ne aka fi ba sabon shiga, kuma da dalili, don ba ya ba da mamaki daga farko har ƙarshe. Sai Ashton Classic, Montecristo White, Davidoff Signature in aljihu ya yarda, da Oliva Connecticut Reserve ga mai son ya ɗanɗana na Nikaragwa ba tare da ya sha duka ba. Daga Kuba: Hoyo de Monterrey, Fonseca mai zuwa a naɗe cikin farar takarda, Rafael González, da Quai d'Orsay wanda aka ƙirƙira a farkon shekarun 1970 domin kasuwar Faransa. H. Upmann ya ɗan ɗara su ƙarfi. Waɗanda za ka bari sai gaba su ne Partagás, Bolívar da Ramón Allones, kuma Cohiba ma, duk da sunansa, ba na farawa ba ne.

A kula da suna iri ɗaya. Bayan juyin juya halin Kuba na 1959 gwamnati ta karɓe masana'antu, masu su suka fice da sunayensu, Amurka kuma ta hana shigar kayan Kuba a 1962. Shi ya sa yau akwai Montecristo biyu, Romeo y Julieta biyu, Partagás biyu. Montecristo White na Dominikan mai sauƙi ne, Montecristo na Kuba kuwa matsakaici ne zuwa mai ƙarfi. In za ka yi wa Alhaji saƙo, ka rubuta masa cikakken suna da ƙasa. Kuma ka ce kara biyu ko uku iri daban-daban, kada ka fara da akwati.

Wane girma zan ɗauka? Na ga lambobi kamar 42 da 50.

Lambar kauri ce, ana auna ta da kashi ɗaya cikin 64 na inci. Lamba 42 kusan milimita 17 ce, 50 kusan milimita 20. Kowane girma da sunansa: Petit Corona yana da tsawon santimita 13 da kauri 42, yana ɗaukar kamar rabin awa ko fiye kaɗan. Robusto santimita 12 da rabi ne da kauri 50, minti 45 zuwa awa ɗaya. Churchill ya kusa santimita 18, ya haura awa.

Mutane sukan ɗauka siriri ya fi sauƙi. Ba haka ba ne kai tsaye: siriri yana saurin zafi in ana jan sa akai-akai, sai ya yi ɗaci, mai kauri kuma hayaƙinsa ya fi sanyi amma tabar ta fi yawa. Abin da ya fi tasiri a jikin sabon shiga shi ne tsawon lokacin da zai yi hayaƙi na bakinsa. Ni Petit Corona nake ba da shawara, ko gajeren Robusto. Churchill ko mai sauƙi ne, awa ɗaya da rabi ta isa ta juya maka kai.

Ƙananan nan na cikin gwangwani fa, irin su Café Crème?

Su inji ke yi da yankakken ganye, kuma sun fi sauƙin samu da jure bushewa. Café Crème asalinsa na Holan ne, Villiger na Suwizalan. Minti goma sun ƙare. Matsalarsu ita ce girmansu ya yi kusa da na sigari, sai mutum ya riƙa zuƙarsu zuwa ƙirji, ya kuma riƙa kunna ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙamshin banila ko kofi sun fi jan mutum zuwa wannan, don zaƙin yana rufe kaushin hayaƙin. Ƙanƙantarsu ba ta sa sun fita daga abin da aka faɗa a amsa ta biyu ba.

A ina ake samu, kuma yaya zan gane lafiyayye kafin in biya?

Sigar naɗin hannu ba kayan tebur ba ne a Maradi. Yawanci da matafiya yake shigowa, daga Yamai, Kano, Abijan, Dubai ko Faransa. Wato kafin ya iso hannunka wataƙila ya kwana a jaka, ya yi awoyi cikin mota a rana. Don haka ka duba da hannunka. Ka riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni ka ɗan matsa a hankali. Lafiyayye zai ɗan lotsa ya dawo. In ka ji ƙaras-ƙaras, ya bushe. In ya lotsa bai dawo ba, ya jiƙe. Ka bi tsawonsa da yatsa: inda ka ji dunƙule mai tauri hayaƙi ba zai wuce ba, inda ka ji rami wuta za ta ci gefe ɗaya. Ka sansana gindin da za a kunna. Ƙamshin busasshiyar ciyawa, itace ko koko alama ce mai kyau. Warin fitsari-fitsari mai hawa hanci yana nufin ganyen bai gama nuna ba. In ka ga ƴar ƙofa kamar hudar allura a jikin riga, mayar masa da abinsa (duba amsa ta ƙarshe).

Yaya ake yanka shi da kunna shi?

Ɓangaren da ke rufe shi ake kaiwa baki. Ka yanke milimita 2 zuwa 3 kawai daga kan, kada ka wuce inda ya fara lanƙwasa, in ba haka ba rigar za ta warware a bakinka. In babu abin yanka na musamman, sabuwar reza ta isa. Da haƙori kam, a'a.

Wajen kunnawa, laita mai gas ko ashana, ka bari kan ashanar ya gama ci tukuna. Kyandir da laita mai fetur suna ba shi wari. Ka riƙe gindin kusa da harshen wuta ba tare da ya shiga ciki ba, kana juya shi har zagayen ya yi baƙi, sannan ka kai baki ka ja a hankali sau biyu ko uku. Daga nan ja ɗaya a minti. Tokar kada ka riƙa karkaɗe ta, tana sanyaya wutar. In ta kai gaɓar yatsa ka ɗan jingina ta ta faɗi. In ya mutu, ka hure tsohon hayaƙin ka sake kunnawa, ba laifi ba ne.

Na sha wanda aka ce mai sauƙi ne, amma kaina ya juya, zuciyata ta tashi. Me ya faru?

Nikotin ne ya yi maka yawa. Alamun a jere suke zuwa: yawu ya cika baki, zufa mai sanyi ta keto a goshi, hannu ya ɗau ɓari, sai jiri da tashin zuciya. Dalilan kusan kullum huɗu ne: ciki babu abinci, jan sa da sauri, zuƙa zuwa ƙirji, ko nacewa har gindi. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe shi ya fi ƙarfi, don kwalta da nikotin sun taru a wurin, saboda haka in wuta ta kusa zoben takarda mai ɗauke da suna da ke jikin karan, ajiye shi ya mutu da kansa. Zafin garinmu yana ƙara abin, musamman a bazara jiki ba ruwa. Haɗa shi da kofin shayi na farko ko goro ma yana ƙara bugun zuciya.

In ya kama ka, ajiye karan nan take, ka fita inda iska take, ka zauna, ka sha ruwa da wani abu mai zaƙi ko ka ci dabino. Yawanci cikin rabin awa zuwa awa yake saki. In akwai ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa, ko amai ya ƙi tsayawa, asibiti za a nufa ba jira.

Yaya zan ajiye shi a yanayin Maradi?

A nan mafi yawan sigar ke lalacewa, kuma busasshen sigar ko na Macanudo ne kaushi zai yi, ya ci da sauri, ya ƙona maƙogwaro. Da yawa daga masu cewa an ba su mai ƙarfi, busasshe aka ba su. Sigar yana son laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi digiri 18 zuwa 21. Mu kuwa da hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, a Afrilu da Mayu zafi ya haura 40. Karan da aka bari a kan tebur cikin Janairu, washegari za ka tarar rigar ta tsage tsawonta, gefen ganyen ya ɗago yana murmushewa da an taɓa.

Akwatin katako mai tsada na ajiye sigar ba shi ne mafita a nan ba, don yana shan iska, busasshiyar iskarmu kuma ta fi ƙarfinsa. Robar abinci mai murfi mai kamawa gam ta fi shi aiki. Ka sa ƴar jakar laima ta Boveda mai lamba 65 ko 69 a ciki, ka sa a sayo maka tare da sigar ɗin. Robar kuma ka saka ta cikin kula babu ƙanƙara, ka ajiye a ƙuryar ɗaki mafi sanyi, a ƙasa, nesa da bangon da rana ke duka. Firiji ba wurin ajiya ba ne, yana busarwa kuma ganyen na ɗaukar warin miya. Da damina abin juyawa yake, laima ta yi yawa, sai a riƙa buɗewa ana duba fumfuna. In ba za ka iya wannan hidima ba, ka sayi abin da za ka gama da shi cikin mako, ka bar shi a ledarsa cikin roba.

An kawo mini akwatin Cohiba da araha. Na gaske ne?

Da wuya. Cohiba shi ne aka fi yi wa jabu a duniya, kuma tun da Habanos, kamfanin da ke sayar da sigar Kuba, ya ɗaga farashinsa a 2022, karan Robusto ɗaya a Turai ya haura Yuro 50, wato sama da jaka 32. Ka lissafa kara 25. Akwati mai murfin gilashi ko roba da ake hango karan ta ciki jabu ne kai tsaye. Na gaske yana da koren hatimin gwamnatin Kuba mai hoto mai walƙiya da lambar da ake bincikawa a shafin Habanos na intanet, a ƙasan akwatin kuma an buga Hecho en Cuba da watan da shekarar da aka cika shi. Jabu ya fi hatsari ga sabon shiga, don ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. In kana shakka, sadaukar da kara ɗaya ka tsaga shi da reza: na gaske dogayen ganye ne a ninke daga kai har gindi, jabu kuwa gutsattsari ne da ƙura.

Wanda ya bushe ko ƙwaro ya huda, ana iya ceto shi?

Busasshe ana iya dawo da laushinsa in rigar ba ta tsage ba, amma sannu a hankali. In ka jefa shi cikin laima mai yawa lokaci guda, ciki zai kumbura kafin riga, ta fashe. Ka fara da jakar Boveda 62 na mako biyu, sannan 65, sannan 69, kana juya karan lokaci-lokaci. Wanda ya yi watanni a bushe zai yi laushi amma ƙamshin ba zai dawo duka ba. Fumfuna fara a jikin riga ana goge ta da busasshen ƙyalle. In koriya ce ko ta shiga gindi, a zubar.

Ƙwaron taba ƙwansa yakan zo tare da ganyen, kuma zafin da ya haura digiri 23 ko 24 na ƙyanƙyashe shi, wato kusan duk shekara a wurinmu. Alamarsa ƴar huda da garin taba mai laushi a ƙasan roba. Wanda aka huda a jefar. Sauran a sa su cikin leda biyu a ɗaure, kwana ɗaya a firiji, kwana uku a wurin ƙanƙara, kwana ɗaya kuma a firiji, sannan a bar su su huce cikin ledar kafin a buɗe. In wuta ta ɗauke ƙanƙarar ta narke a tsakiya, a sake ƙirga kwana ukun daga farko. Robar ma a wanke ta, a bari ta bushe sarai kafin a mayar da su.